Jinyar Kujerar Tsohuwar Marsandi a Yelwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Dass daga cikin garin Bauchi, idan ya iso Yelwa ya sassauta tafiya saboda cunkoson ɗaliban jami'a da 'yan keke-napep, ba zai rasa ganin rumfunan masu ɗinkin kujerun mota a gefen titi ba, inda ake jingine kujeru a jikin bango, wasu an feɗe su soso ya fito, wasu kuwa an riga an tufatar da su da sabuwar leda mai walƙiya. A ɗaya daga cikin waɗannan rumfuna ne, daura da kasuwar Yelwan Tudu, na shafe kwanaki masu dama a hunturun da ya shige, ina zaune a kan benci ina kallon wani dattijo yana jinyar kujerun wata tsohuwar Marsandi wadda kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi mini wasiyya da ita. Abin da na gani da idona a wurin kuwa, haɗe da ɗan abin da na karanta, shi ne nake son in shimfiɗa wa mai karatu, domin na tabbata akwai gidaje da yawa a garin nan da irin wannan mota take kwance a ƙarƙashin tamfol, fatarta tana mutuwa sannu a hankali ba wanda ya sani.

Motocin nan suna da tarihi, tarihinsu kuwa na garin ne. Lokacin da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi ran 3 ga Fabrairu 1976, garin ya cika da ma'aikata, gwamnati tana ba da bashin mota, masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, tana fitar da Fijo 504, manya kuma suna sayo Mercedes-Benz, wadda bakinmu ya mayar Marsandi. Kwana goma bayan ƙirƙiro jihar aka harbe Murtala a Legas a cikin baƙar Marsandinsa, wadda har yau tana ajiye a gidan tarihi na Onikan ana zuwa ganinta. Ta kawuna ƙanwar waccan ce, ƙirar da kamfanin ya yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta shi ne kujerunta na fata ce ta haƙiƙa.

Wannan ita ce mas'ala ta farko da ya wajaba mai mota ya warware tun bai taɓa komai ba, domin ba duk abin da ya yi kama da fata ne fata ba. Kalmar leda da muke kiran jakar cefane da ita, asalinta sunan fata ne a Turanci, amma da 'yan kasuwa suka riƙa kawo mana roba mai kama da fata suna kiranta da wannan suna, sai sunan ya tashi daga asali ya koma kan jabu, har ya zamana yau in ka ce wa yaro leda, ba abin da zai faɗo masa a rai sai roba. Galibin Marsandin da suka shigo ƙasar nan a wancan zamani, ko dai yadi ne a kujerunsu, ko kuwa wata roba mai ƙarko da kamfanin yake kira MB-Tex, wadda saboda kyanta takan ruɗi har ma'abota mota. Dattijon ya nuna mini yadda ake ganewa: ya cusa hannu ƙarƙashin kujera ya juyo bakin abin da aka naɗe ciki, ya ce in duba bayansa. In bayan yana da gashi-gashi mai laushi kamar cikin jakar baduku, fata ce. In kuwa saƙar yadi ce manne da shi, leda ce. Sa'an nan ya danna babban yatsa a kai, sai ga ƙananan tamoji sun bazu kewaye da yatsan kamar na bayan hannun mutum, abin da roba ba ta yi.

To, mece ce fata, kuma me ya sa take tsufa? Fata saƙa ce ta zarurruka masu rai a jikin dabba, waɗanda da zarar an feɗe za su ruɓe in ba a jeme su ba. Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan ilmi. Majemanmu tun zamanin da suke jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya fita, su kankare ta, su tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta kama, sa'an nan su shafe ta da mai su yi ta murza har ta yi laushi, dukawa su rina ta ja da karan dafi ko baƙi da kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a bakin tekun Magariba suka laƙaba mata sunan Maroko, suka yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Kuma Bature Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ga yadda jemammun fatu da takalma suke fita daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Hatta malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a babin tsarki kan hukuncin fatar mushe idan an jeme ta, abin da ke nuna cewa jima ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin magabata. Abin lura a cikin dukan wannan shi ne matakin ƙarshe na majemi, wato shafa mai: jima tana hana zarurrukan ruɓewa, mai kuwa shi ne ke sa su zame a kan juna idan an lanƙwasa fatar. Ranar da man nan ya ƙare, zarurrukan sai su riƙa gogar juna a bushe har su karye, karyewarsu kuwa ita ce tsagewar da muke gani a kujera.

Amma a nan ne ilmin baduku yake tsayawa, wani ilmin ya ɗauka, kuma rashin sanin wannan iyaka ya kashe kujeru da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya. Fatar mota ƙirgin sa ne, ba fatar akuya ba, kuma tun bayan da wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kuromiyam a Amurka a 1884, wannan hanya ta yi ta rinjaye har ta zama ita ce ake jeme mafi yawan fatun duniya da ita, domin tana gamawa cikin kwana guda ko biyu alhali ta itatuwa tana cin makonni, fatarta kuma ta fi jure zafi da ruwa. Bayan jima kuma akan fesa mata launi a sama, a bi da wani siririn rufi mai sheƙi. Saboda haka abin da hannunka yake taɓawa a kujera fenti ne, fatar tana ƙarƙashinsa. A tsofaffin motoci rufin nan siriri ne, ya kuwa sha gogayya ya buɗe, mai yana iya ratsa shi. A sababbin motoci rufin roba ne sosai, duk abin da ka shafa a kansa zai zauna yana kama ƙura. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ɗigon ruwa a wurin da ba ya cikin ido, in ya tsaya kamar ƙwallo, rufin yana nan da ƙarfinsa, in kuwa ya nutse wurin ya yi duhu, fatar a buɗe take, tana jin ƙishi, kuma duk abin da aka zuba mata za ta sha, mai amfani da mai cutarwa.

Ƙasarmu kuma ba ta yi wa fata sauƙi ta kowace fuska. Da hunturu iska takan bushe har leɓen mutum ya tsage, ƙura mai laushi kamar gari ta shiga cikin ɗinki ta zauna, duk lokacin da aka zauna ko aka tashi tana cin zare kamar zarto. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, idan zafin gari ya doshi digiri 40, motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yakan haye digiri 60, man da ke cikin fata ya yi ta tashi, ita kuma tana takurewa har ta ja ɗinki ya ɓalle. Shi ya sa kullum saman kujerar baya, wanda ke ƙarƙashin gilashi, shi ne farkon mutuwa. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, motar da aka lulluɓe da tamfol aka manta da ita sai ta yi fumfuna, fari-fari ko kore-kore, da wani wari da ba ya fita da wuri.

Sai dai duk abin da yanayi ya yi cikin shekara arba'in, hannun mutum yakan yi shi cikin yini ɗaya, kuma wannan ya same ni. Da motar ta zo hannuna na kai ta wani wurin wankin mota, na tafi sabgata. Yaran wurin, don su faranta mini, suka kwaɓa garin sabulun wanki, suka dirje kujerun da burushi mai tauri, suka buɗe ƙofofi suka bar rana ta busar, da suka ga launin ya koɗe sai suka bi kujerar direba da man goge takalmi. Ran Juma'a na sauka a ƙofar masallaci da bayan farar shaddata ya yi jirwaye, bayan mako biyu kuma gefen kujerar, inda kawu ya yi shekaru yana zamewa ya fita, ya buɗe baki. Na ji zafin abin ƙwarai, domin ƙanshin kujerun nan shi ne ƙanshin tafiye-tafiyen da ya yi da mu muna yara. Illar a bayyane take ga wanda ya sani: fata tana da ɗan tsami a ɗabi'arta, garin sabulu kuwa da sabulun salo suna da kaifin toka, wanda ke wanke man da ke cikinta ya kuma sassauta jimar kanta. Fetur da kananzir da tina, waɗanda wasu ke cire tabo da su, narkar da launin suke yi. Man gyaɗa da man ja sukan lalace a ciki su yi wari, su gayyato kiyashi da ɓera; basilin da baƙin mai kuwa sukan jiƙa fatar ta yi lagwaf, gam ya daina kama ta, har gyaran gaba ya gagara.

Da na kai motar Yelwa, niyyata in sa a yaye komai a ɗinka leda in huta. Dattijon ya daɗe yana shafa kujerar da tafin hannu bai ce komai ba, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Malam, in ledar kake so, gobe da la'asar ka zo ka ɗauki motarka. Amma wannan fatar ba ta mutu ba, yunwa take ji. In ka ba ni wata guda, za ka gani." Na ce, "Baba, wata guda a kan kujera?" Ya ce, "Shekara nawa ta yi tana bushewa?"

Kwana biyun farko ba a sa mata ko ɗigon ruwa ba. An kwance kujerun an shigar da su inuwa, ya sa yaronsa ya bi kowane layin ɗinki da tsohon burushin haƙori mai laushi, ana kaɗe ƙura ana zuƙe ta da inji, domin wanda ya jiƙa ƙura kafin ya share ta, taɓo ya kwaɓa ya cusa cikin tsaga. Wankin kuwa da kumfa ake yi: ruwa mai ɗumi kaɗan, da ɗan sabulu marar kaifi irin wanda aka yi don fata, a kaɗa, a ɗebi kumfar da farin tsumma, a goge wuri kamar faɗin tafin hannu, a bi da wani tsumman mai ɗan danshi, a bi da busasshe, sa'an nan a matsa gaba. Farin tsumma yana da hikima, domin shi ke gaya maka ko dauɗa ce take fita ko launi. Da zarar ka ga launin kujera a jikinsa, ka ɗaga hannu. Man takalmin nan sai da aka yi masa zagaye huɗu kafin ya saki.

Ciyarwar ita ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi burge ni. Man da ya dace da wannan aiki shi ne wanda aka haɗa musamman don fata, wanda galibi asalinsa maiƙon gashin tumaki ne ko man da ake fitarwa daga ƙasusuwan ƙafar shanu, ana samunsa a wurin masu sayar da kayan mota a manyan garuruwa. Dattijon yakan ɗiga kaɗan a tafinsa, ya murza hannuwa har ya yi ɗumi, ya shafa da yatsu yana bin tsaga-tsagan nan a hankali kamar ungozoma tana shafa wa jariri, sa'an nan ya rufe kujerar da leda ya bar ta a ɗaki mai ɗumi ta kwana. Da safe ya goge abin da bai shiga ba, ya bar ta ta huta yini biyu, ya sake. Na tambaye shi don me ba zai malala mata da yawa lokaci ɗaya a wuce wurin ba, ya ce wanda ya daɗe da yunwa ba a fara shi da tuwo, da kunu ake farawa. Haka kuwa abin yake, domin man da ya yi yawa yakan kumbura fata, ya raunana zare, ya hana sabon launi zama. A shafawa ta biyar na sa hannu na lanƙwasa bakin fatar da a da yake ƙara kamar busasshen ganye, sai na ji ya bi hannuna shiru.

Sai da ta yi laushi sa'an nan aka shiga ɗinki da faci, kuma wannan tartibi wajibi ne, domin busasshiyar fata in ka soka mata allura yagewa take. Inda zare ne kawai ya tsinke, da hannu ya mayar, yana bin tsofaffin hujojin ɗaya bayan ɗaya da basilla da zare mai kakin zuma. Ya ce keken ɗinki sababbin hujoji zai huda a tsakanin na da, wurin ya zama kamar bakin kan sarki, jan farko ya rabe. Inda fatar ta yage kuwa, ta ciki ya shigar da ƙyalle mai ƙarfi ya manne da gam mai lanƙwasuwa, ya haɗa leɓɓan yagewar a kai, bai yarda da gam ɗin nan mai bushewa nan take ba, wanda ke sandarewa kamar gilashi ya karya abin da ke gefensa. Ƙananan tsaga aka cike su da wani farin kwaɓi mai taushi, siriri-siriri sau uku, ana bari ya bushe ana bi da takardar yashi mafi laushi.

Akwai kuma wani abu da ba na tsammani. Da aka buɗe cikin kujerar direba sai wani jan gari ya zubo, ashe shimfiɗar da ke tsakanin fata da sifirin, wadda a Marsandin wancan zamani ake yi da zaren ɓawon kwakwa haɗe da roba, ta narke ta zama ƙasa, fatar tana kwance kai tsaye a kan ƙarfe. Da an gyara sama an bar ƙasa haka, da aikin bai kai Sallah ba. Aka yanka soso mai tauri daidai siffar tsohuwar, aka sa buhu tsakaninsa da sifirin.

Wuri ɗaya ne ya gagara, wato gefen nan da ya buɗe baki, domin fatarsa ta riga ta ruɓe, sai an sake yanki. A nan ne na ga abin da ya dame ni fiye da kujerar. Muna da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, muna da cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya, amma samun ƙirgi guda mai faɗi, marar tabo, wanda aka jeme don kujera, sai da aka yi aike har sau biyu. Masana'antun sun fi karkata ga fatun awaki da tumaki don fitarwa waje, ƙirgin shanu kuwa mafi yawansa ganda ake yi da shi a cinye, wanda ya tsira kuma ga cizon kaska, ga zanen ƙaya, ga tambarin wuta, ga yankan wuƙar mai fiɗa. Kamfanin Connolly na Ingila, wanda ya yi shekaru yana yi wa Rolls-Royce da Jaguar fata kafin ya rufe masana'antarsa a 2002, ya fi son ƙiragan arewacin Turai saboda dabbobin can ba sa samun irin waɗannan tabubba. Ashe kyan kujera tun daga makiyaya da mahauta yake farawa, kuma ina ganin da za a biya mahauci lada a kan fiɗa mai tsabta, da an ga canji a cikin 'yan shekaru. Na kawo shawarar a sa jar fatar dukawa tunda ita ce tamu, dattijon ya girgiza kai, ya ce tana da kyau a titimi da linzami, amma a kujera gumi zai sa ta zuba a riga, rana kuma ta cinye jan.

Launi aka bari ƙarshe. Bai auna shi da saman kujera ba, wanda rana ta canja, bai kuma auna da na ƙarƙashi kaɗai ba, wanda yake kamar ranar da aka ƙera motar. Tsakaninsu ya nema, yana haɗawa a murfin kwalba yana gwadawa a ɓoyayyen wuri yana jira ya bushe, domin jiƙaƙƙen launi ƙarya yake yi. Da ya dace, sai ya riƙa ɗora shi da guntun soso, daddaɓawa ba shafawa ba, siriri ƙwarai, kuma a wuraren da suka koɗe kaɗai. Tamojin da zaman kawu ya bari a tsakiyar kujera bai rufe su ba, ni ma ban so a rufe ba. Masu sayen tsofaffin motoci a Turai sukan fifita fatar asali mai alamun shekaru a kan sabuwa, amma ni ba don ciniki na so su ba.

Ranar da na zo ɗauka ya yi mini wasiyyar da ba ta wuce jimla kaɗan ba: inuwa kafin komai, rumfa in da hali, in babu ko gindin dogon yaro, da kwali a gilashin gaba da tawul a saman kujerar baya, goge ƙura da busasshen tsumma duk mako, musamman da hunturu, mai sau biyu a shekara, ɗaya in kaka ta shiga kafin iska ta juyo, ɗaya kafin zafin bazara, da damina kuma a yaye tamfol a buɗe ƙofofi duk ranar da gari ya washe. Na biya shi, kuɗin ya ɗara na leda amma bai ninka shi ba. Ya riƙe mini ƙofa na zauna, kujerar ta karɓe ni ba ƙara, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, cire makullan nan daga aljihun baya." Na cire na ajiye su a gaba, na tayar da mota, na hau titi na nufi cikin gari, ana kiran sallar la'asar a masallacin kasuwa.